Tsohon Kwano, Sabon Akurki



Sharhinmu na yau a tsakar gida zai tsaya, can lungun da kajin gidanmu ke kwana, in ma suna da wurin kwanan.

Bari in fara da wani lissafi da kowace uwargida mai kiwon kaji ta sani, ko da ba ta taɓa rubuta shi ba. Kaza ta yi ƙwai 12, ta kwanta a kansu kwana 21, ba ta tashi sai don ta ɗan tsattsagi tsaba ta sha ruwa. Ta ƙyanƙyashe 10. Ranar farko yara na bin su suna ƙirgawa. Kafin mako ya zagayo shirwa ta sure ɗaya. Wani ya faɗa kwata. Aka yi ruwan dare, gari ya waye an tarar da biyu sun sandare a jikin bango. Muzuru ya diro ta katanga ya ɗauki nasa, gafiya ta ja nata. Bayan wata biyu, in an yi sa'a, uku ne ke bin uwarsu. Sai a girgiza kai a ce, ai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Maganar gaskiya ce, ba na ja da ita. Amma waɗanda suka bar mana ita ba su bar kajinsu a fili ba. Na tashi na tarar da akurki a gidanmu na ƙauye, ginin laka, kamar ɗan ƙaramin rumbu, da 'yar ƙofar da hannu kaɗai ke shiga. Da an kira magariba kakarmu za ta ce a je a duba ko kaji sun shige, a toshe ƙofar da guntun katako a danne da dutse. Aikin yara ne, kuma babu daren da ake ɗaga shi. Wannan akurki yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, bai ci ko kwabo ba. Aibinsa biyu ne. Iska ba ta ratsa shi, kuma tsintsiya ba ta kai wa ƙuryarsa, don haka ƙwarƙwatar kaji da ƙuma kan yi gida a tsagogin bangonsa.

Yau da yawanmu mun koma gari, gidan siminti, wasunmu ma gidan haya inda ba ka da ikon haƙa rami ka kwaɓa laka. Mun taho da kajinmu, mun baro akurkin a ƙauye. Sai ka ga kaji na kwana a madafi, ko bayan tulin itace, ko a kan katanga, wani gidan ma a cikin kwando ƙarƙashin gado. In ka tambayi maigida sai ya ce katako ya yi tsada, kwano ya yi tsada, kuɗin kafinta kaɗai ya fi kuɗin kajin. Yana da gaskiya, in sabon kaya za a saya. Sai dai kaza ba ta san sabo ba, ba ta san tsoho ba. Abin da take nema inuwa ne, da iska, da busasshen wuri, da ƙofar da muzuru ba zai iya turewa ba. Duk ana samun su daga kayan da muke tsallakewa kullum a bayan gida.

Wanda ya taɓa leƙa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Kasuwar Katako a Yamai, ya ga abin da hannu ke yi da abin da wani ya yar. Tsohuwar ganga ta zama akwati, ta zama murhu, gwangwanin lemo ya narke ya dawo tukunya. Yaran nan 'yan bola jari masu yawo da buhu da maganaɗisu, da 'yan gwangwan da ke saye a hannunsu a kan sikeli, sun riga mu gane darajar abin da ke kan juji. Mai kaji biyar ko goma ma ba sai ya je kasuwa ba. Gidan da aka sake wa rufi akwai tsohon kwano a jingine. Inda ake gini akwai katakon da aka ɓamɓare bayan siminti ya kama. Mai faci yana da tsofaffin tayoyi. Mai tuyar ƙosai tana da jarkar man girki da ta fashe a gindi. Ga tsohuwar ƙofa, ga gadon ƙarfen da ya karye, ga ragar fankar da ta ƙone, ga ragar cikin firjin da ya mutu. In abin ya gaza, 'yan katako irin na Na'ibawa a Kano suna sayar da guntaye da ɓawon gungume da araha.

To amma kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a tsaya a dubi gari. Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Ranar yamma ita ce mai dafa bango. Saboda haka gefen gabas da gefen yamma su ne za a toshe, a bar kudu da arewa a buɗe da raga, iska ta shiga nan ta fita can. A gefen arewa a rataya buhu kamar labule, a naɗe shi da bazara, a sake shi in sanyi ya sauko. A nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. A nisanci rijiya, a nisanci madafi, kuma kada a jingina shi ƙarƙashin tagar maƙwabci, don haƙƙin maƙwabtaka ya fi kaza.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Mutum ya samu tsohon kwano kyauta, sai ya yi akwati da shi, kwano sama, kwano gefe huɗu, ya huda 'yan ramuka da ƙusa ya ce ya bar wa iska hanya. Wani matashi a unguwarmu ya yi haka. Ya tara kuɗinsa ya sayi kaji, ya kulle su a irin wannan akwati ya tafi wurin aiki a watan Afrilu. Ya dawo bayan la'asar ya tarar fiye da rabinsu sun mutu, babu wata cuta, zafi ne kawai. Na ga fuskar yaron nan ranar, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan magana da ƙarfi. Jama'a, zafin jikin kaza ya kai maki 41 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba ta yin gumi kamar mu. In zafi ya dame ta sai dai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. A Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, zafin bazara kan haura maki 40 a inuwa. To ina ga cikin akwatin kwano da rana tsaka? Tanderu ne aka gina.

Wurin kwano shi ne rufi, sai kuma ɗan zagaye a ƙasa, kamar tsayin kamu ɗaya, don tare feshin ruwa da haƙoran gafiya. Sauran jiki a yi shi da raga, ko gora, ko sanduna a jere. Rufin ma kada a bar shi tsirara. A shimfiɗa zana a kansa, ko karan dawa, ko tsohuwar tabarma, a ɗaure don kada iska ta kwashe. Za ku ji bambanci da tafin hannunku. A bar rata kamar taƙi ɗaya tsakanin rufi da bango, a sa mata raga, don iska mai zafi sama take tashi, ta samu mafita. Rufin ya karkata, ya kuma zarce bango da kamar kamu ɗaya. Ramukan tsohuwar ƙusa kuwa, ɗan kwalta ya ishe su.

Girma fa? Kaji 10 na gida, ɗakin kwana mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi ya wadace su. Filin da za a kewaye musu a gaba, inda za su wuni suna tono, ya kai kamar mita 2 a mita 5. Wanda tsakar gidansa ba ta kai haka ba, ya rage kajin. Kaji biyar masu sarari sun fi goma sha biyar da ke tsattsagar juna har jini, suna fasa ƙwai suna shanyewa.

Ni a ganina akurkin da aka ɗaga daga ƙasa ya fi, musamman ga ɗan haya, tunda ranar tashi zai ɗora shi a kura ya tafi da abinsa. Dabarar ba baƙuwa ba ce. Manomi bai taɓa zaunar da rumbu a ƙasa ba, kan duwatsu yake ɗora shi. A ba akurki ƙafafu huɗu masu tsayin kamu biyu, na azara in an samu, don gara ba ta cika cin ta ba, ko na ƙarfen tsohon gado. A kifa gwangwani babba a wuyan kowace ƙafa, ɓera in ya hawo ya tarar da rufi a kansa ya koma. A zuba toka a gindin ƙafafun saboda tururuwa da kwarkwasa. Daɓen ciki a jera sanduna da ratar ɗan yatsa, kashi ya riƙa zubowa ƙasa. Kuma ga riba ta biyu, ƙarƙashin akurkin ya zama inuwar da kaji za su fake da rana. Shingen fili kuwa, tunda shi a ƙasa yake, a binne gindinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, a danne da fasasshen bulo, domin gafiya da kare ta ƙasa suke ɓullowa.

In akwai wurin da zan ce a fitar da kuɗi a saya sabo, to raga ce. Ragar fanka da ta firji za su yi taga, za su yi ƙofa, amma da wuya su kewaye komai. Kuma a nan ne araha ba ta ado. Ragar waya mai manyan idanu tana hana kaza fita, ba ta hana maciji shiga, ba ta hana ɓera. Ta ɗakin kwana da ta 'yan tsaki a sayi mai ƙananan idanu, wadda ɗan yatsa ba ya wucewa. Saman fili ba ya bukatar wannan, tsohuwar ragar kamun kifi ko igiyoyi da aka gicciya sun isa su hana shirwa sauka. Ƙofa kuma a yi mata sakata ta gaske. Guntun robar taya da aka buga da ƙusa yana yin aikin maɗaurin ƙofa shekara da shekaru, amma ƙofar da aka jingina kawai, muzuru ya san yadda ake ture ta.

Kayan ciki ba su da wuya. Kaza a sama take son kwana, shi ya sa take hawa katanga. A gicciya mata sanda mai kaurin ƙotar fartanya, kowace kaza taƙi ɗaya, kuma in sandunan biyu ne su zama tsayi ɗaya, don kada a yi faɗan hawa sama, na sama kuma su yi wa na ƙasa kashi. Wurin ƙwai, jarkar man girki mai lita 25 in aka yanke mata gefe, aka wanke, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta gama komai. A ajiye ta a ƙurya mai duhu, ɗaya ta ishi kaji huɗu ko biyar. Tsohuwar taya a kwance, a cika ta da yashi da toka, ta zama wurin birgima, kuma wannan birgimar ita ce wankan kaza, da ita take kakkaɓe ƙwarƙwata. Taya dai kada a bar ta tana tara ruwa, in ba haka ba an yi wa sauro gida a tsakar gida. Mazubin ruwa kuwa, a huda gwangwani kusa da bakinsa, a cika shi, a kifa a kan faranti. Ruwa zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, kaji ba za su taka shi ba, ɗan tsako ba zai nutse ba.

Kuma don Allah a yi ƙofar da babban mutum zai iya zura tsintsiya har ƙurya, kada mu maimaita aibin akurkin laka. In ka sunkuya ka ji wari ya bugi idonka, to abin da kajin ke shaƙa ke nan dare da rana, kuma shi ke buɗe ƙofar mura. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko garin katako a inda kashi ke zuba, a kwashe duk mako. Wannan shara kuɗi ce. Masu lambun albasa da tumatir sun san ƙarfin kashin kaji, saye suke yi buhu-buhu. Mai 'yan shuke-shuke a gida ya bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ƙona shuka yake yi. Sau biyu ko uku a shekara a fitar da sanduna da jarkoki a shanya, a shafe katako da farar ƙasa.

Yanzu mu koma kan 'yan tsakin nan goma da muka fara da su, domin in mutum ba zai iya komai ba cikin abin da na faɗa, to ya yi wannan ɗaya. Ya haɗa ɗan keji mara gindi, tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, tsayi zuwa gwiwa, rabinsa rufe rabinsa raga, mara nauyi yadda mutum biyu za su ɗaga. Ranar da kaza ta sauko daga kan ƙwai a sa ta ciki da 'ya'yanta. Kullum a gusar da shi zuwa sabon wuri a inuwa, da dare a shigar da shi inda ruwa ba ya kai. A riƙe su haka mako 6 zuwa 8, har gashi ya rufe su, ƙafa ta yi ƙwari, sun san gudu in uwa ta yi kukan shirwa. Uwa mai yawo da 'ya'ya a raɓar asuba, tana ratsa kwata da su, tana kai su bola, ba za ta iya kare goma ba komai zafin zuciyarta. Kusan duk asarar da na lissafa a farko, a waɗannan makonni take faruwa, kuma wannan keji yana tare mafi yawanta.

Sai dai wanda ya kulle kaza ya ɗauki nauyin cikinta. Dusa kaɗai ba ta gina jiki. A haɗa musu tsakin gero ko na masara da garin ƙuli-ƙuli, ko waken suya da aka soya aka niƙa, ko garin busasshen kifi, a jefa musu ganyen zogale. Ga kuma wata tsohuwar dabara da manoma a ƙasashen Yammacin Afirka suka daɗe suna yi, wadda ita ma da abin da aka yar ake yin ta. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta da yamma a inda gara ke fitowa. Da safe a ɗauko a zazzage wa 'yan tsaki. Masu ƙwai kuma a gasa musu ɓawon ƙwai a daka a zuba cikin abinci, don ɓawon na gaba ya yi ƙarfi.

To, jama'a masu sauraro, ba duk abin da aka tsinta ne ake kai wa kaji ba, kuma wannan ɓangaren ina roƙon a saurare shi da kyau.

Na sha ganin kwankon tsohon batirin mota an fasa shi an mai da shi mazubin ruwan kaji. Yana da ƙarfi, ba ya kifewa, shi ya sa ake son sa. Amma batirin mota dalma ce a cikinsa, kuma wanki ba ya raba shi da ita. Mu a nan ba sai an ba mu labarin gubar dalma daga wata ƙasa ba. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Kuma tun kafin a gane abin da ke faruwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa. Tsuntsu a ƙasa yake ci, shi ke fara haɗuwa da abin da ke cikinta. Kazar da ta sha dalma ba lalle ta mutu ba, tana iya ci gaba da yin ƙwai, dalmar ta bi ƙwan, ƙwan kuma ɗanki za ki soya wa. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Saboda haka batiri, da ƙasar wurin da ake fasa batiri, da katako mai tsohon fenti da ke ɓarewa, duk a nisanta su da kaji.

Haka jarkar maganin feshi, na ciyawa ko na ƙwari. Roba tana shan magani, ko an wanke ta sau goma kada a zuba wa kaji ruwa a ciki, balle mutane. Haka tsohon silin da rufin asbestos da ake cirewa daga tsofaffin gine-ginen gwamnati. Shi haɗarinsa ga mai aikin ne. In aka yanka shi ko aka fasa, ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, sai bayan shekaru masu yawa ta haifar da ciwo, har da kansa. Katakon da ake ɗora kaya a kai a kamfanoni da manyan shaguna yana da kyau ƙwarai wajen haɗa akurki, amma a duba hatimin jikinsa. Mai haruffan HT da zafi aka gasa shi, shi za a ɗauka. Mai MB da iskar guba aka turara shi, a bar shi. Wanda kuma ya jiƙe da wani abu mai wari da ba a san ko mene ne ba, shi ma a bar shi. Baƙin mai da ake shafa wa katako saboda gara, a tsaya da shi a gindin da ke cikin ƙasa, inda baki ba ya kai. In an gama aiki a bi wurin a tsince guntayen waya da ƙusoshi, kaza tana haɗiye su, yara kuma ba takalmi suke yawo.

Akwai kuma gidan sauro. Ina ganin sababbi fil, waɗanda aka raba kyauta don mata masu ciki da ƙananan yara, an kewaye kaji da su ko an rufe lambu. Wannan bai dace ba, kuma ba zan sassauta harshe a kansa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe 'ya'yanmu kowace damina, babu kazar da ta kai ran yaro. Wanda ya tsufa ya yayyage, aka samu madadinsa, ana iya shimfiɗa shi a saman fili saboda shirwa. Ko shi ɗin ba ya tare muzuru, farce ɗaya ya ishe shi.

Saura abu ɗaya da akurki ba zai iya yi ba komai kyansa. Duk shekara in hunturu ya kama, akwai annobar da ke bin gida-gida. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, tana zawo kore, tana haki, wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda unguwa ta yi tsit, ba carar zakara. Likitocin dabbobi suna kiran ta cutar Niyukasal, da sunan wani gari a Ingila. Ba ta da magani in ta kama. Kafso ja da rawaya da muke fasa musu a ruwa, da barkono, ba sa kashe irin ƙwayar da ke kawo ta. Abin da take da shi rigakafi ne, kuma a gida ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take wurin tun 1924, tana haɗa shi, har da wani nau'i da ake kira I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, aka yi shi musamman don kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi, su kira malamin dabbobi, a yi wa na unguwa gaba ɗaya rana ɗaya. Ga inda akurki ke shigowa: kazar da ta kwana a kan bishiya, wa zai kamo ta da safe a ɗiga mata? Mai akurki kuwa ƙofa kawai zai buɗe ya riƙa miƙo su ɗaya bayan ɗaya.

Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, a ware ta a wancan ƙaramin keji mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Mara lafiya a fitar da ita nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa ta bola kare ya ja ta zuwa gidan wani. Kuma mu tuna watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magariya cikin Nijar. Ita tana iya kama mutum. Wannan kaɗai ya isa dalilin da kaji za su daina kwana a ɗakin da yara ke kwana. In kaji suka fara zubewa da yawa lokaci guda, kada a yi saurin yankawa a ci ko a kai kasuwa, a sanar da ofishin dabbobi.

Maganata ta ƙarshe da ku ce, iyayen gida maza, da samarin gida. A yawancin gidajenmu kaji na mata ne da yara. Da su uwargida ke sayen littafin makaranta, da su take biyan adashe, da su take fita kunyar baƙo, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuma zakara ne ke tafiya kasuwa ya dawo da magani. Ita ta san kowace kaza da halinta, amma guduma da zarto a hannunku suke. Aikin nan na yini biyu ne, bai fi haka ba. Ku zagaya bayan gida yau ku ga abin da ke jingine, ku tambaye ta inda take so a kafa shi, ku fara da kejin 'yan tsaki kafin kazar da ke kwance yanzu ta sauko. Rigakafin kuma a yi shi tun kaka, kafin iskar hunturu ta kaɗa.

 Allah Ya sa albarka a kiwo, a huta lafiya.